Shawara ga masu koyon kung fu game da taolu

Salam 'yan uwa, na ga wasu na cewa wai taolu rawa ce kawai ba ta da amfani a faɗa. Gaskiya ba haka bane, amma kuma kar ka ɗauka in ka haddace ta shikenan ka zama gwani. Taolu jerin motsi ne da kake yi kai kaɗai, naushi, shuri, karewa, juyawa, da ita malaman da a China suke adana fasaharsu su miƙa wa almajirai tunda lokacin ba bidiyo, kamar hadda ce dai amma jiki ke yi ba baki ba. Ku duba Siu Nim Tau, taolu ta farko a salon kung fu da ake kira Wing Chun, ƙafa ba ta ma motsawa, tsayuwa ɗaya ce hannu kawai ke aiki a hankali don gwiwar hannu ta saba zama tsakiya, kafaɗa kuma ta saki. Ita kuwa taolu mai motsi 24 ta tai chi, wani salo da ake yi a hankali, da aka tsara a 1956 don lafiyar jama'a aka yi ta, to kar ka je ka tari ɗan daba da ita don Allah.

Shawarata, ciro motsi ɗaya ko biyu, tambayi malaminka wannan me yake karewa, sai ka samu abokin atisaye ya kawo maka naushin a hankali ka gwada, kullum ku ƙara sauri kaɗan. Auna tazara da sanin lokacin kai hari kam sai da mutum a gabanka, irin yadda masu wasan Sanda, wato damben China, suke yi.