Yadda za ka tantance labarin gano rai a watannin ƙanƙara

Duk lokacin da ka ci karo da labarin cewa an gano alamar rai a Europa ko Enceladus, watanni biyu masu lulluɓe da ƙanƙara da ke kewaya wasu duniyoyi, ka fara da tambayar abin da na'ura ta auna a zahiri, domin abin da aka samu zuwa yau shaida ce kawai ta cewa wuraren nan za su iya ɗaukar rai, amma ba a ga ko ƙwayar halitta guda ba.

Ka duba batun ruwa tukuna. Babu wanda ya taɓa ganin tekun Europa, watan da ke kewaya duniyar Mushtari. Kumbon Galileo, wanda ya yi aiki a can daga 1995 zuwa 2003, ya auna sauyin ƙarfin maganaɗisu ne a kewayen watan, kuma ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙanƙara shi ne bayanin da ya fi dacewa da wannan sauyi. Abin da ya hana ruwan daskarewa shi ne yadda Mushtari ke matsa watan yana sakinsa a kowane zagaye, kamar yadda waya ke ɗaukar zafi idan ana ta lanƙwasa ta.

Daga nan sai ka nemi abincin da halitta za ta rayu da shi a cikin duhu, kuma a nan ne Enceladus na duniyar Zuhal, mai faɗin kilomita 500 kacal, ya fi kowane wata ban sha'awa. A 2005 kumbon Cassini ya hango tururi da ƙwayoyin ƙanƙara suna tsartuwa daga tsagogin kudancinsa, a Oktoban 2015 kuma ya ratsa ta cikin feshin, inda ya samu iskar haidurojin, wadda wasu ƙwayoyin halitta ke iya rayuwa da ita. Wannan iska na nuna cewa ruwan zafi na gogayya da duwatsu a ƙasan tekun, irin yanayin da aka tarar da halittu suna rayuwa a cikinsa ba tare da hasken rana ba a ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos na duniyarmu a 1977. A 2023 an kuma gano sinadarin fosfet, wanda halittu ke buƙata, a abin da Enceladus ke fesawa. Sai dai dutse da ruwan zafi kaɗai suna iya samar da waɗannan duka, don haka ka yi hattara da masu kiran sinadarai masu kabon "sinadaran rayuwa", tunda ana samun irinsu har a duwatsun da ke faɗowa daga sama.

Ka kuma tambayi ko abin da aka gano bai biyo kumbon daga duniyarmu ba. Tsoron gurɓata watannin ne ya sa aka jefa Galileo cikin Mushtari a 2003, aka jefa Cassini cikin Zuhal a 2017.

Ƙagaggun labaran kimiyya sukan saukar da 'yan sama jannati su haƙa rami su iske halitta mai walƙiya. A ganina ba laifi ba ne a ji daɗinsu, muddin ana tuna cewa ƙanƙarar Europa ta kai kaurin kilomitoci da dama, kuma tiririn nukiliya da ke samanta zai halaka mutum cikin kwanaki kaɗan. Ko kumbon Europa Clipper da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a Oktoban 2024 ba sauka zai yi ba. Idan ya isa a 2030, zai gifta ta kusa da watan kusan sau 50 don auna ko wurin ya dace da rayuwa.