Yadda ake auna sadarwar sassan ƙwaƙwalwa da MRI ga mai mantuwar farko-farko

Dattijon da mantuwarsa ta wuce ta tsufa, amma har yanzu yana cefanensa yana shan maganinsa da kansa, shi likitoci ke cewa yana matakin MCI, wato ƙaramin raunin tunani. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI na yau da kullum yana iya fitowa lafiya lau a wannan mataki. Shi ya sa ake komawa ga fMRI, wato MRI mai nuna aikin ƙwaƙwalwa, na lokacin hutu, a ga ko sassan da aikinsu ke tashi da sauka tare idan mutum ba ya yin komai, wato hifokamfas (sashen ajiye tunani), ɓangaren baya na singulet (wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa) da tsakiyar gaban ƙwaƙwalwa, sun fara raba jiha.

Kafin ya kwanta a na'urar, a tambaye shi ko ya sha shayi ko kofi, ko ya ci goro. fMRI jini take bi, sinadarin da ke cikin waɗannan kuwa yana tsuke jijiyoyin jini. A rubuta hawan jini da magungunansa.

A na'ura mai ƙarfin maganaɗisu Tesla 3, a fara da hoton T1 mai nuna surar ƙwaƙwalwa, mai kaurin milimita 1, da wani hoton da ake kira FLAIR don ganin tabon ƙananan jijiyoyin jini. Sai hoton hutu na minti 8 zuwa 10, ɗauka ɗaya duk daƙiƙa 2. Ido a buɗe, yana kallon alama a allo, domin gyangyaɗi kaɗai ya isa ya sauya sakamako.

Babban mai ɓata aiki shi ne motsin kai. Motsi yana rage alaƙar sassan da ke nesa da juna, ya ƙara ta na kusa, kuma kusan haka cutar mantuwar kanta take bayyana. Tsofaffi da marasa lafiya sun fi motsi, sai mai bincike ya ɗauka ya gano cuta alhali haɗiyar yawu ya auna. A tokare kai da soso ta gefe biyu, a sa matashi ƙarƙashin gwiwa, a bar shi ya zagaya tukuna. Wajen tace hotunan a cire duk ɗaukar da motsinta ya haura milimita 0.5, in abin da ya rage bai kai minti 5 ba, gara a sake. A tace sigina tsakanin Haz 0.01 da 0.1 (Haz shi ne yawan tashi da sauka a daƙiƙa ɗaya), a kwatanta yawan motsin marasa lafiya da na masu lafiya.

Ba kullum ake ganin raguwa ba, wasu a farko sadarwar ƙaruwa take yi. Bambancin kuma tsakanin rukuni da rukuni yake fitowa, hoton mutum ɗaya ba ya yanke hukunci. A haɗa shi da gwajin tunani na MoCA mai maki 30, a sake duba mutumin bayan shekara.