Darasi na Bakwai: Kayan Aikin Lambun Tsakar Gida

A wannan darasi za mu ga abin da mutum yake bukata don ya yi ɗan lambu a gidansa, ba tare da takin zamani ko maganin feshi na kanti ba. Ku karanta a hankali. Kalmar da ta yi muku wuya ku ja mata layi, malami zai maimaita ta.

Abin da ya zama dole a saya da kuɗi shi ne fartanya. Ku je wurin maƙeri, ku duba kaurin ƙarfen, ku girgiza ƙotar ku ji ko ta zauna daram. Shebur da manjagara da baro kuwa, aikinsu na yini ɗaya ne, sai a ara wurin maƙwabci, a wanke, a mayar da wuri. Butar ban ruwa ma ba sai an saya ba. A sami babban gwangwani, a huda gindinsa da ƙusa kamar wuri 10, ruwa zai riƙa sauka kamar yayyafi.

Da yawa daga gidajen cikin birni an shafe tsakar gidansu da siminti. Wannan ba ya hana shuka. Tsohon buhun shinkafa, fasasshen bokiti, jarkar da aka yanke biyu, duk suna ɗaukar ƙasa. A huda su daga ƙasa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, in ba haka ba saiwa za ta ruɓe. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a cikinta, a bar ta.

Sai taki, wanda shi ne ran lambu. Mutanen Kano ba baƙi ba ne a nan. Tun zamanin kakanni manoman karkara suke shigowa birni da jakuna ɗauke da itace, su koma da mangala cike da taki. Abin da suke zuwa nema yana nan a turken awakinku da akurkin kajinku. Kuskuren da sabon mai lambu yake yi shi ne ya kwaso ɗanyen kashi ya zuba a gindin shuka. Ɗanyen taki yana da zafi, musamman na kaji, yana ƙone shuka. Sai ya nuna tukuna.

Ga yadda ake yi. A sami lungu mai inuwa, a shimfiɗa busasshen ganye ko buntun shinkafa. A zuba kashin dabbobi a kai, sannan ɓawon kayan miya da ɗan tokar murhu. A yayyafa ruwa ya jiƙa, kada ya yi caɓalɓal, a rufe da tsohon buhu. Duk bayan mako 2 a juya shi da fartanya. In kun sa hannu a tsakiya kuka ji ɗumi, aiki yana tafiya. Bayan wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, wari ya tafi, ya huce. A nan sai a haɗa kwano 2 na ƙasa da kwano 1 na taki a cika buhu. Wanda zai ɗebo takin bola ya tsince leda da fasasshiyar kwalba da tsohon batir, don batir guba ne.

Ruwa a Kano kuɗi ne, duk mai saye wurin 'yan ga-ruwa ya sani. Hajiya, ruwan da kika wanke shinkafa da kayan miya kada ki zubar, shuka tana so. Malam, ka ajiye bokiti inda kake alwala. Amma ruwan kwata da ruwan wanki mai omo ba na ganyen miya ba ne. A yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye laima.

Iri ba ya cin kuɗi sosai. Ku fara da alayyafo, cikin mako 4 ana iya yankarsa. Kuɓewa da rama da yakuwa suna son damina, latas kuma hunturu yake so. Tumatirin da ya nuna sosai, irin wanda ake samu a kasuwar Yankaba, a matse 'ya'yansa, a wanke, a shanya a inuwa, ya zama iri.

In ƙwari sun sauka, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a yayyafa da tsintsiya da yamma. A maimaita bayan mako guda. Kaji da awaki kam ba su san magani ba, shinge suka sani. Tsohon gidan sauro da sanduna 4 sun wadatar.

Aikin gida: ku zagaya gidanku, ku rubuta sunayen abubuwa 5 da za su yi aikin lambu. Ku tambayi kuɗin fartanya wurin masu sayarwa 2, ku rubuta da lamba, ku fitar da bambancin. Ku zo da littafinku ranar darasi na gaba.