Kakin soja ba ya mayar da kai Ba'amurke sai ka cika takarda

Wata Juma'a bayan an idar da salla a wani masallacinmu na Bronx da ke birnin New York, wani dattijo ya jawo ni gefe, ya ciro waya ya nuna mini hoton ɗansa cikin kaki, an yi masa aski ƙwal, yana tsaye gaban tuta. "Malam, yaron nan ya huta, ya zama ɗan ƙasa," in ji shi. Na ce, "Baba, ya cika fom ɗin nema kuwa?" Ya ce ai da idonsa ya ga bidiyon rantsuwar, yaron ya ɗaga hannun dama tare da 'yan'uwansa sababbin kurata. Nan gabana ya faɗi, domin wannan fahimtar ce ta jefa tsofaffin sojoji da yawa cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Rantsuwar iri biyu ce. Akwai ta shiga soja, akwai ta zama ɗan ƙasa. Kalmominsu sun yi kama, duka suna maganar kare kundin tsarin mulkin Amurka, shi ya sa ake rikicewa. Amma ta farko ba ta canza matsayinka ko kaɗan. Da katin zama na dindindin, wato girin kad, ka shiga, kuma da shi za ka fito in ba ka nemi ta biyun a hannun hukumar shige da fice ta USCIS ba.

Girin kad ɗin nan shi ne ƙofar shiga. Mai bizar karatu ko ta ziyara ba a ɗaukarsa. An taɓa yin wani shiri mai suna MAVNI da ke ɗaukar masu wasu harsuna da ma'aikatan lafiya ba tare da katin ba, amma an dakatar da shi tun 2016. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai shigar da ƙaninka sojan Amurka daga Kano ko Yamai, ɗan damfara ne.

In ka shiga, doka ta yi maka gata sosai. Farar hula sai ya shekara 5 da girin kad, ko 3 in yana auren ɗan ƙasa, kuma ya biya sama da dala 700. Soja ba ya biyan ko sisi. Sashe na 328 na dokar shige da fice ya ce shekara 1 ta aiki cikin mutunci ta isa a lokacin zaman lafiya. Sashe na 329 na lokacin yaƙi ne, shi kuma bai ɗaure ka da jiran shekarar ba. A watan Yulin 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan umarnin da ya ayyana lokacin yaƙi tun daga 11 ga Satumba 2001, kuma ƙarƙashinsa ne dubban sojojin da suka je Iraƙi da Afganistan suka samu takardarsu. Fom biyu ne: N-426, wanda rundunarka za ta sa wa hannu ta tabbatar kana aiki cikin mutunci, da N-400, wanda shi ne ainihin fom ɗin neman zama ɗan ƙasa. Jarrabawar Turanci da ta tarihi da tsarin mulki na nan daram, kaki ba ya ɗauke maka ita.

Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: da zafi-zafi akan daki ƙarfe. Ka fara bibiyar N-426 tun kana horon farko. Dokokin ma'aikatar tsaro suna sauyawa da sauyin gwamnati. A 2017 an ƙaƙaba jiran kwana 180 kafin a sa wa fom ɗin hannu, sai da wata kotun tarayya ta soke hakan a 2020. Sajan ɗinka yana da mutum talatin a wuyansa, ba zai tuna da takardarka ba. A kowane babban sansani akwai ofishin lauyoyin soja da ke taimakawa kyauta. Je ka da ƙafarka. Ban da haka ma, ba za ka zama hafsa ba, ba kuma za a ba ka ayyukan da ke buƙatar izinin sanin sirri ba, sai kana ɗan ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan an tuɓe kaki. Mutum ya dawo daga fagen daga da ciwon da ba a gani, barci ya ƙaurace masa, ya faɗa shaye-shaye ko faɗa, aka kama shi. Ɗan ƙasa zai yi zaman gidan yarinsa ya koma gida wajen 'ya'yansa. Mai girin kad kuwa, tun bayan dokar 1996 da ta faɗaɗa jerin manyan laifuffuka, ana iya tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da aka haife shi, ko da lambobin yabo nawa ke rataye a ƙirjinsa. Hector Barajas ya yi aiki a runduna ta 82 ta masu saukar lema, aka kore shi zuwa Meziko a 2004 bayan ya gama zaman kurkuku. A Tijuwana ya buɗe gidan da ke tarbar tsofaffin sojojin da aka koro irinsa. Sai da gwamnan Kalifoniya Jerry Brown ya yi masa afuwa a 2017 sannan ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa a 2018, shekara 14 bayan korar. Kuma ku ja kunnen yaranmu game da tabar wiwi: ko jiha ta halatta ta, dokar tarayya ba ta halatta ba, kuma da dokar tarayya ake auna halinka.

Wanda ya riga ya bar aiki bai makara ba. Ka nemo takardar sallamarka, DD-214, doguwar mai nuna irin sallamar da aka yi maka a akwati na 24. In an rubuta sallama cikin mutunci, hanya a buɗe take. In an rubuta akasin haka, ko kana da wani tsohon kamu na 'yan sanda komai ƙanƙantarsa, kada ka aika fom, kada kuma ka hau jirgin zuwa gida ganin iyaye, sai lauyan shige da fice ya duba takardunka. Wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa ta hanyar soja ma, in aka sallame shi ba cikin mutunci ba kafin ya cika shekara 5 yana aiki, ana iya ƙwace ta.

Masu tsoron rasa ƙasar haihuwa, kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yarda wanda aka haifa ɗan Najeriya ya riƙe ƙasa biyu, Gana ma haka. Ni dai ba na ce wa kowa ya shiga soja don fasfo kawai. Alkawarin shekara 8 ne in aka haɗa da na jiran ko-ta-kwana, kuma akwai fom N-644 da iyalai ke cikawa cikin shekara 2 don a ba mamacinsu zama ɗan ƙasa bayan ya faɗi a bakin aiki. Allah ya kiyaye mu da buƙatarsa.

Dattijon nan ya kira ɗansa a gabana, muna tsaye wajen ajiye takalma. Yaron ya ce ya ji labarin fom ɗin, yana jira a kira su ne. Na karɓi wayar na ce masa ranar Litinin da safe ya nemi izinin sajansa ya je ofishin lauyoyi, ya ɗauki hoton N-426 bayan an sa hannu ya turo wa Baba.