Yadda Ake Gyara Matsalolin Taga Mai Gilashi Ruɓi Biyu a Gida

A Ingila da sauran ƙasashen da sanyi ke tsananta, yawancin gidaje suna da taga mai gilashi ruɓi biyu, kuma irin wannan taga ta fara bayyana a otel-otel da wasu sababbin gidaje a Abuja da Kano, inda ake so a tsare sanyin na'urar sanyaya ɗaki, a kuma rage hayaniyar titi. Abin da yake damuna game da ita shi ne yadda mutane suke kashe kuɗi masu yawa wajen cire taga ɗungurungum, alhali abin da ya lalace a jikinta bai wuce roba ko hinji ko mariƙi ba. Bayanin da ke tafe ya fi shafar taga mai firam ɗin roba mai ƙarfi, wadda ake kira uPVC, domin ita ce ta fi yawa a gidajen Ingila, amma akasarinsa ya dace da mai firam ɗin alminiyam.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san yadda aka gina ta. Falle biyu ne na gilashi, galibi kowanne mai kaurin milimita 4, aka bar tazarar milimita 16 ko 20 a tsakaninsu, wato kaurinsu gaba ɗaya ya zama milimita 24 ko 28. A kewayen tazarar akwai siririyar sanda mai rami, cike da ƙwayoyin da ke shanye danshi, irin waɗanda ake gani a ɗan ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi. Ana cika tsakiyar da busasshiyar iska ko iskar agon, wata iska da ta fi tsare ɗumi, sannan a liƙe gefen da danƙo tun daga masana'anta. Wannan haɗaɗɗen gilashi abu ne mai zaman kansa, ana iya cire shi daga firam a saka wani, kuma sanin haka kaɗai yana ceton kuɗi mai yawa.

Raɓa a jikin gilashi

Mataki na farko shi ne a sa yatsa a shafa gilashin domin a gane inda raɓar take, saboda wuri uku take iya kwanciya kuma kowanne yana da ma'anarsa. Idan ta gefen waje take, musamman da sassafe bayan daren da sama ta yi garau, babu abin da ya lalace; hasali ma alama ce cewa ɗumin ɗaki ba ya tsallakawa zuwa falle na waje, kuma za ta bushe da zarar rana ta ɗaga.

Idan ta cikin ɗaki take, to laifin na danshin gidan ne. Tukunyar da ke tafasa ba murfi, da shanya wanki a cikin ɗaki lokacin hunturu, da tururin banɗaki, har da numfashin masu barci a ɗakin da aka rufe ruf, duk suna cika iska da ruwa, ruwan kuma ya sauka a kan abin da ya fi komai sanyi. Gidajenmu, inda ake daɗe ana dafa miya da tuwo kuma iyali suke da yawa, sun fi fuskantar wannan. Maganin shi ne a kunna fankar zuƙe tururi yayin girki da wanka, a buɗe 'yar kafar shan iska da ke saman firam idan akwai ta, a goge raɓar kowace safiya kafin ta haifar da baƙin funfuna a jikin roba. Ƙaramar na'urar auna danshi ba ta da tsada, kuma abin da ake nema shi ne danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari.

Idan kuwa an shafa ciki an shafa waje amma hazon yana nan, to yana tsakanin fallayen biyu ne. Wannan yana nufin danƙon gefe ya buɗe, iskar agon ta fice, ƙwayoyin shanye danshi kuma sun ƙoshi. Akwai masu huda gilashin su busar da cikinsa, amma ba na ba da shawarar haka, domin hazon kan dawo, ƙarfin tsare ɗumi ba ya komawa yadda yake, kuma gilashin da aka gasa don ƙarin ƙarfi yana tarwatsewa gaba ɗaya idan aka huda shi. Gyaran da ke ɗorewa shi ne a canza haɗaɗɗen gilashin, a bar firam ɗin a wurinsa. Kafin a biya ko sisi, a nemo takardun tagar, saboda kamfanoni da yawa a Ingila suna ba da garantin shekara 10.

Canza gilashin da ya yi hazo

Wannan shi ne aikin da ya fi buƙatar natsuwa, kuma ban yarda mutum ɗaya ya yi shi shi kaɗai ba, ko da gilashin ƙarami ne. Ana bukatar safar hannu mai kauri, da tabarau na kariya, da wuƙar kankare fenti mai faɗin baki, da gudumar roba, da tef ɗin awo.

Gilashin yana zaune ne a cikin firam, sanduna huɗu na roba suna danne da shi, kuma a sababbin tagogi sandunan suna ta cikin ɗaki ne domin kada ɓarawo ya ɓalle su ta waje. Za a cusa bakin wuƙar a tsagar da ke tsakanin sanda da firam, a tsakiyar sandar da ta fi tsawo, saboda nan ne ta fi lanƙwasuwa, sannan a bubbuga a hankali har ta ɓalle. Sandar sama ita ce za a cire a ƙarshe, yayin da mataimaki yake dafe da gilashin. Kowace sanda a rubuta mata da fensir inda ta fito, domin ko da sun yi kama da juna, bambancin milimita ɗaya yana hana kusurwa haɗuwa.

Daga nan sai awo. A auna faɗi da tsawo da kaurin tsohon gilashin a milimita, a auna sau biyu, domin gilashin da aka riga aka haɗa ba a rage shi kuma ba a ƙara shi. A duba kusurwoyinsa ko akwai ɗan tambari da aka ɗora, wanda ke nuna cewa gilashin kariya ne, kamar gasasshe. Dokar gini a Ingila ta wajabta gilashin kariya a duk tagar da gilashinta ya sauko ƙasa da milimita 800 daga daɓen ɗaki, da kuma a ƙofofi da gefensu, saboda yara da masu tuntuɓe, don haka wajibi ne sabon ya kasance irin tsohon. Bayan awo sai a mayar da tsohon gilashin wurinsa har sabon ya iso daga masu haɗawa.

Ranar sakawa, kafin a ɗaga tsohon, a ɗauki hoton 'yan robobin tallafi da ke ƙarƙashinsa da gefensa. Mutane da yawa suna raina su, alhali su ne suke ɗaga gilashin daga ruwan da ke taruwa a gindin firam, kuma gilashin da ya zauna cikin ruwa danƙonsa ba ya daɗewa. A tagar da ke buɗewa ta gefe kamar ƙofa, ana ɗora su ne a kusurwar ƙasa ta wajen hinji da kuma kusurwar sama ta wajen mariƙi, ta yadda gilashin da kansa zai zama tokari, ya hana tagar zubewa ta yi gogayya da firam. A share ramin tas, a ɗora sabon gilashin bisa robobin, a lura da takardar da ke manne a jikinsa mai nuna fuskar da za ta kalli ciki, saboda ɗaya daga cikin fallayen yana da siririn shafi mai mayar da ɗumi. Wajen mayar da sanduna, gajeru ake fara sakawa, dogaye su zo daga baya, a fara cusa bakunansu biyu a kusurwa sannan a bubbuga tsakiya da gudumar roba, ana karkatar da bugun zuwa firam.

Iska mai shigowa ta gefen taga

A nan ana yin asarar ɗumi sosai, kuma a nan ne gyara ya fi araha. A samo takarda guda, a sa ta tsakanin taga da firam, a rufe a kulle, sannan a ja. Idan ta zare ba tare da turjiya ba, to wurin ba ya matsewa. A maimaita haka a dukkan gefuna huɗu, domin inda takardar ta zare shi ne zai nuna abin da ya lalace.

Idan ta wajen mariƙi ne, a buɗe tagar a dubi gefenta, za a ga wasu 'yan ƙusoshi masu kai kamar lema waɗanda ke motsi idan an juya mariƙi. Ba a tsakiyarsu aka kafa su ba, saboda haka juya su da alanki, ɗan ƙarfen nan mai kusurwa shida, galibi mai milimita 4, yana matsar da su kusa da roba ko nesa da ita. A juya kowanne rubu'in zagaye kawai, a rufe a sake gwada takarda. Kada a matse har mariƙi ya yi nauyin juyawa, domin ƙarfin da ake sawa yana komawa kan injin makullin da ke ɓoye a cikin firam, wanda ya fi roba tsada nesa ba kusa ba.

Idan ta wajen hinji ne takardar ta zare, ko ana hango haske a kusurwa bayan an rufe, to hinjin ya ci. Waɗannan hinjoji na ƙarfe masu zamiya ana sayar da su bisa tsawo, kamar inci 8, 10, 12, 16 har zuwa 24, da kuma bisa kauri, milimita 13 ko 17, kuma dole a sayi daidai da wanda aka cire. Ana canza su ne biyu tare. Mutum ɗaya ya riƙe tagar, ɗayan ya kwance sukurori, a ɗaura sabo a ramukan tsoho. A ɗakunan kwana na bene akwai hinji na musamman da ke barin taga ta buɗe sosai domin a iya fita idan gobara ta tashi, kuma bai halatta a musanya shi da na gama-gari ba don neman sauƙin farashi. Duk tagar da ke saman bene, in dai aikin zai sa a leƙa waje da nauyi a hannu, gara a kira mai sana'ar.

Idan kuma robar da ke kewaye da taga ta bushe, ta tsattsage, ko ta janye daga kusurwa, a yanki ɗan guntunta a kai shago domin a samo mai siffa iri ɗaya. A yawancin tagogi zare ta ake yi daga cikin kwarinta, a wanke kwarin, a tura sabuwa da babban yatsa. Kada a ja ta yayin sakawa, saboda robar da aka miƙar tana komawa tsawonta bayan 'yan makonni ta bar giɓi a kusurwa.

Mariƙi da makulli

Mariƙin da ke girgiɗi sukurori biyu ne ke riƙe da shi, ɗaya a ƙarƙashin ɗan murfin roba, ɗayan kuma ba ya bayyana sai an juya mariƙin zuwa buɗewa. Sau da yawa ɗaure su ya wadatar. In ya karye, a cire shi a auna tsawon ƙarfen mai kusurwa huɗu da ke fitowa daga bayansa. Kaurinsa milimita 7 ne, tazarar sukurorin kuma milimita 43 a mafi yawan tagogin zamani, don haka tsawon ne kawai ke bambanta. Idan mariƙi yana juyawa amma taga ta ƙi buɗewa, injin ciki ne ya karye, kuma banƙara ta da ƙarfe zai fasa firam, sai dai a nemo mai gyaran makulli.

Taurin buɗewa yawanci ƙura ce da rashin mai. A goge hinji da sandar makulli da tsumma, a ɗiga mai marar kauri irin na keken ɗinki, a fesa wa roba man silikon, a yi haka sau ɗaya ko biyu a shekara. Man da aka samo daga fetur yana lalata roba, saboda haka a nisanta shi da ita. Firam ɗin uPVC, musamman mai duhun launi, yana kumbura idan rana ta dake shi har taga ta ƙi rufuwa. A shafa masa ruwan sanyi a jira kaɗan maimakon a tilasta masa.

Ruwa a gindin firam

An ƙera firam ɗin ne da sanin cewa ruwa zai shiga, shi ya sa aka yi masa 'yan ramuka a ƙasa waɗanda ke fitar da shi waje. Idan aka buɗe taga aka tarar da ruwa kwance, to ramukan sun toshe. A zuƙe dattin da injin shara, a zura siririyar waya mai laushi, a zuba ruwa rabin kofi a ga ko ya fita ta waje. A arewacin Najeriya da Nijar, ƙurar hunturu tana cika waɗannan ramuka, don haka a share su kafin ruwan farko na damina. Kada a taɓa toshe su da silikon da sunan hana iska shiga. Inda silikon yake da amfani shi ne tsakanin firam da bango ta waje: idan tsohon ya tsage, a kankare shi duka, a bar wurin ya bushe, a shafa sabo irin na waje wanda ba ya warin tsami.

Wanda yake zaune a gidan haya a Ingila ya sani cewa dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida alhakin gyaran ginin da abin da ke wajensa, kuma tagogi suna ciki, saboda haka abin da ya kamata shi ne a ɗauki hoto a sanar da shi a rubuce kafin a kwance ko sukuru ɗaya. Mai gidan kansa kuma ya lura cewa tun daga watan Afrilu na 2002, canza taga gaba ɗaya da firam ɗinta a Ingila da Wales yana bukatar shaidar bin dokar gini, ko dai daga ƙaramar hukuma ko daga kamfanin da ke da rajista da tsarin tantance masu saka tagogi irin na FENSA, kuma lauyan mai saye zai nemi wannan takarda ranar da za a sayar da gidan. Canza gilashi kaɗai, ko hinji, ko mariƙi, ko roba, ba ya bukatar wannan shaida.