Ga masu koyon zanen mutum

Jama'a don Allah ku daina fara zane da ido da hanci, shi ya sa kai ke fitowa ƙato jiki ya tsuke. Ku fara auna kai tukuna. Tsayin baligi wajen kai 7 da rabi ne, jariri kuwa kusan 4. Rabin tsayin yana wajen kwatangwalo ne ba cibiya ba, in hannu ya sauka yatsu har tsakiyar cinya suke kaiwa, ido ma a tsakiyar kai yake ba can sama ba.

Wajen awo ku miƙe hannu sosai da fensir, a rufe ido ɗaya a sa babban yatsa alama, hannun na lanƙwashewa awon ya lalace. In kun gama ku duba zanen ta madubi, duk inda ya karkace nan take zai fito.