Yadda ake tsara harajin kwana a kan baƙi ba tare da an kore su ba

Ni akanta ne a wani masaukin baƙi a Kano, ina kuma duba wa wasu ƙananan otal littattafansu a ƙarshen wata. Duk harajin da aka ɗora wa baƙo, ta hannun irina yake bi kafin ya kai baitulmali. Ina goyon bayan harajin kwana, wato ɗan abin da ake ƙara wa baƙo a kan kuɗin ɗaki domin garin da ya sauke shi. Baƙo yana shan ruwan gari, yana bin titinsa, yana barin shara, to ba zalunci ba ne ya sa hannu a gyaran. Damuwata ita ce yadda ake tsara shi, domin masu rubuta doka ba su cika tsayawa a teburin karɓar baƙi ba, alhali a nan ne harajin yake rayuwa ko ya mutu. Birnin Edinbura na Sikotland ne na fi bin diddigin nasa, saboda sun yi komai a bainar jama'a, mataki bayan mataki.

Ku masu tsara doka, ku fara da tambayar da ake yawan tsallakewa: wa ke da ikon sa harajin? Majalisar birnin Edinbura ta nemi jin ra'ayin jama'a tun 2018, ta kuma nuna amincewarta a 2019, amma ba ta karɓi ko sisi ba, domin doka ba ta ba ta iko ba. Sai da majalisar dokokin Sikotland ta zartar da doka a 2024 sannan hanya ta buɗe. A Manchesta ta Ingila kuwa, inda majalisar birni ba ta da wannan iko, masu otal ne da kansu suka kaɗa ƙuri'a suka amince da fam 1 a kan kowane ɗaki kowane dare daga Afrilun 2023. A Najeriya, jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, akwai kasuwanni da tashoshin mota da gidajen abinci, amma babu harajin kwanan otal a ciki. Jihar Legas da dokar majalisar jiha ta 2009 take karɓar kashi 5 cikin ɗari, kuma a 2013 Kotun Ƙoli ta ce rajistar otal da sa musu ido hurumin jiha ne. Ga kuma harajin VAT na kashi 7.5 da ke kan ɗakin tun 2020. Saboda haka shugaban ƙaramar hukumar da ke sha'awar wannan abu, ma'aikatar shari'a da hukumar tara kuɗin shiga ta jiha zai fara zuwa, ba wurin mai buga rasit ba. In dokar jiha ta riga ta ɗora harajin otal, abin da ya fi hankali shi ne a nemi a ware wa garin kasonsa daga ciki, kada a ɗora na biyu a kan na farko.

Bayan doka sai rajista, kuma kafin a yi maganar nawa za a karɓa. Yankin Wales na Birtaniya da ya yi tasa dokar a 2025 ya haɗa abu biyu a cikinta, rajistar masaukai da harajin kansa, rajistar ce kuma a gaba. Ku aika mutane su zaga unguwa-unguwa su rubuta kowane wuri da ake biya a kwana: sunansa, mai shi, yawan ɗakuna, farashin mafi arha da mafi tsada. Kada ku tsaya a kan otal masu allo a bakin titi. Yanzu gidajen haya na kwana-kwana da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp sun yawaita, suna kwashe 'yan biki da iyalai, ba sa biyan komai. In aka taƙaita harajin ga mu da muke da rajista, an hukunta mai bin doka ke nan, an saka wa mai ɓuya. Edinbura ta sa kowa a ciki, daga babban otal har ɗakin kwanan matafiya masu ƙaramin ƙarfi da filin da ake kafa tanti. Faransa, wadda take da irin wannan haraji tun 1910, ta tilasta wa kamfanonin kama ɗaki ta intanet irin su Airbnb su riƙa cirewa da kansu tun 2019.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a yi tunani. Su wane ne ke kwana a garinku? A Edinbura amsar a fili take: a watan Agusta bukukuwan wasanni suna cika birnin da baƙi daga ko'ina a duniya. Mu a nan, in ka cire kwanakin Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, littafin baƙinmu ba masu yawon buɗe ido ba ne suka cika shi. 'Yan kasuwa ne da suka zo sari Kantin Kwari ko Dawanau, daga Maraɗi da Damagaram da Anacha. Ma'aikata ne da aka turo taron bita. Dangin amarya ne. Sai kuma waɗanda suka fi taɓa mini zuciya, masu jinya da suka kawo ɗan'uwansu Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙashi na Dala, suna ƙirga kwanaki suna ƙirga abin da ya rage a aljihu. Garin Argungu lissafinsa daban ne, domin bikin kamun kifi na 'yan kwanaki ne, sauran shekara ɗakuna a sake suke. Yankari ma daban. Ku roƙi masu masaukai goma ko ashirin su ba ku adadin kwanan shekara guda wata-wata, ba tare da sunayen mutane ba, ku duba da idonku. Harajin da aka tsara da Bature mai kyamara a rai, a kan mai jinya zai sauka in ba a lura ba.

Wannan ne ya sa nake ganin iyakance yawan darare ya fi kowane sassauci amfani. Edinbura darare biyar na farko kawai take caja, komai tsawon zaman mutum. Dubai, wadda 'yan kasuwarmu suka sani sarai, tana tsayawa a dare 30 a jere. Ni da za a tambaye ni, uku zuwa biyar zan ce. Mai zuwa kallon hawan sallah ya biya duka kwanakinsa, mai jinyar wata guda kuma ya huta bayan waɗannan darare na farko, ba tare da an tambaye shi takardar komai ba.

Game da yafe wa wasu rukunin mutane, ku taƙaita. Birnin Balin na Jamus ya fara karɓar kashi 5 a 2014, ya kuma keɓe waɗanda suka zo aiki. Sai ya zama kowane mai otal yana tara takardun shaida daga kamfanoni, yana tantance wa ya zo aiki wa ya zo hutu. A 2024 suka soke keɓewar, kowa ya biya. Yarinyar da ke tsaye a teburin karɓar baƙi da ƙarfe ɗayan dare ba alƙaliya ba ce. Duk sharaɗin da ya sa sai ta yi wa baƙo tambayoyi, ko dai ta yi watsi da shi, ko ya zama ƙofar cuwa-cuwa. Ku keɓe wanda hukuma ta saukar saboda ambaliya ko gudun hijira, ku keɓe mai jinya in ya nuna katin kwantar da majinyaci, ku tsaya nan.

Sai batun nawa. Hanya biyu ce: kaso cikin ɗari na kuɗin ɗaki, ko tsayayyen kuɗi. Edinbura kashi 5 ta zaɓa, a kan kuɗin ɗaki zalla, ban da abinci, kuma kafin a sa VAT. Amstadam ta ƙasar Holan ta kai kashi 12.5 a 2024, amma ita neman rage cunkoso take yi, mu kuwa neman baƙin muke. Gana kashi 1 take karɓa ƙarƙashin dokar yawon buɗe ido ta 2011. Kaso cikin ɗari yana da adalci, mai ɗakin dubu ɗari ya fi mai ɗakin dubu goma biya, kuma yana tafiya da hauhawar farashi da kansa. Matsalarsa ita ce sai littafi ya faɗi gaskiya. A ƙananan masaukai ciniki ake yi, farashin da ke manne a bango daban, wanda aka biya daban, rabin kuɗin kuma a hannu ake bayarwa. Jami'in haraji ba zai taɓa tabbatar da abin da aka karɓa ba, sai gardama. Tsayayyen kuɗi ya fi sauƙin bincike, domin ƙirga ɗakunan da aka kwana kawai ake yi. Dubai ta bi tsakiya tun 2014: dirhami 7 zuwa 20 a kan ɗaki kowane dare, gwargwadon darajar otal. Wannan na fi so wa garuruwanmu, a kasa masaukai aji uku bisa farashin da rajista ta nuna, a rubuta a doka cewa za a sake duba adadin kowace shekara, don kada faɗuwar naira ta cinye shi.

Kuma a kan ɗaki za ku caja, ba a kan kai ba. Wales a kan mutum ta sa nata, fam 1.30 a yawancin masaukai, amma a wurinmu magidanci ya zo da iyalinsa, a ce sai an ƙirga mutum nawa za su kwana a ɗakin, wannan cin fuska ne, kuma yana hukunta mai yawan 'ya'ya.

Kafin ku yi wa kowa alkawari, ku yi lissafi a takarda. Ga misali na ƙirƙira don a ga hanyar: gari mai masauki 40, kowanne da ɗaki 20, ɗakuna 800 ke nan. A ce rabinsu ake kamawa kowane dare, 400 sau 365 ya ba da kwana 146,000. A naira 300 kowane dare, an sami naira miliyan 43.8. To ku raba wannan biyu a shekarar farko, saboda iyakar darare da waɗanda aka keɓe da waɗanda ba za su biya ba. Abin da ya rage, ku cire albashin masu bincike da kuɗin na'ura. In saura bai isa ya yi aikin da ido zai gani ba, ku haƙura tukuna. Edinbura tana sa ran kusan fam miliyan 50 a shekara, shi ya sa wahalar ta cancanta a wurinta.

Wajen karɓa, abu ɗaya nake roƙo da babbar murya: kada a ba ɗan kwangila. An taɓa turo mana wasu matasa da rasit iri biyu a kan abu guda cikin wata ɗaya, suka tsaya a ƙofa suna ɗaga murya baƙi na kallo, wani baƙo ya ɗauki jakarsa ya bar mana ɗakin. Mai masauki shi zai karɓa daga baƙo, ya nuna harajin a layi na daban a jikin rasit, ya tura ta banki zuwa asusu guda a ƙarshen wata ko duk wata uku, tare da fom mai shafi ɗaya. Jami'i ya zo bincike da katin shaida, da rana, ya duba littafi, kada ya taɓa kuɗi. Ku kuma bar wa mai masaukin wani abu don wahalarsa. Edinbura ta yarda ya riƙe kashi 2 na abin da ya tara, domin in baƙo ya biya da kati, cajin POS a kan mai otal yake faɗawa har da na kuɗin da ba nasa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar Sikotland ta wajabta a jira wata 18 bayan yanke shawara kafin a fara karɓa. Edinbura ta yanke a Janairun 2025, ta sa 24 ga Yulin 2026 ranar farawa, ta kuma ce wanda ya kama ɗaki ya biya kafin 1 ga Oktoban 2025 babu ruwansa. Mu ba ma kama ɗaki da nisa haka, wata shida zai wadatar, amma kada a fara ana saura mako biyu sallah.

Inda kuɗin zai tafi kuwa, a rubuta shi cikin dokar kanta. Ta Sikotland ta ce sai a kan abubuwan da baƙi ke amfani da su, ta wajabta rahoto kowace shekara, da zauren tuntuɓa da ya haɗa masu masaukai da mazauna gari. Edinbura ta ware fam miliyan 5 a shekara don gidajen zama, saura kuma mafi yawansa ga tsafta da gyaran birni, sai al'adu da kayan tarihi. Ku buɗe asusu na daban, kada ya shiga tukunyar albashi. Ku sa wakilin masu otal da na masarauta da na 'yan kasuwa a kwamitin da zai zaɓi ayyuka. A shekarar farko ku zaɓi abu biyu ko uku kacal da ke kan hanyar baƙo: fitilun titi daga tasha zuwa unguwar masaukai, banɗaki mai ruwa kusa da filin hawa, kwashe shara a bakin Kasuwar Kurmi ko marinar Ƙofar Mata in a Kano ne. A kafa allo a wurin da ke cewa da kuɗin kwanan baƙi aka yi. Ni ma in baƙo ya tambaye ni wannan ɗari ukun na mene ne, in sami abin da zan nuna masa da yatsa.

A ƙarshen dokar ku sa ranar bita, duk shekara uku kamar yadda Sikotland ta yi. Ranar a kawo adadin kwanan da aka yi kafin harajin da bayansa, a gwada da na garin da ke maƙwabtaka wanda ba ya karɓa, a kawo abin da aka tara da abin da aka kashe wajen tarawa. In kuɗin tarawa ya haura kashi ɗaya cikin biyar, ko baƙi sun fara tsallakawa suna kwana a ƙaramar hukumar da ke gaba, dokar ta ba majalisa ikon rage adadin ko dakatar da shi a zama ɗaya.